Nanaye a Tsakiyar Kacalla

Yau zan ɗan jingine zancen siyasa da tsadar kayan masarufi, in kawo maka wata gardama da ta taso mana a wurin aiki a kan wani bidiyon waƙa wanda tsawonsa bai cika minti biyar ba.

A zangon karatun da ya wuce na raba ɗalibaina rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya shirya bidiyon waƙar Hausa guda, ya kuma haɗo da bayani a rubuce kan inda ya bi al'adar irin wannan bidiyo da inda ya kauce mata. Rukuni bakwai suka kawo aiki. Shida daga cikinsu, da za ka kashe sauti ka jera su, da ƙyar za ka bambanta wannan da wancan: saurayi cikin shadda mai maiƙo ya jingina da motar aro, budurwa ta sauya leshi sau uku, ga furanni, ga harabar otal, ga kyamara mai tashi sama tana shawagi a kan rufin gidaje. Ban ga laifinsu ba, domin abin da suka buɗe ido suka tarar ke nan. Na bakwai ɗin, wanda wasu yara huɗu 'yan ƙasar Haɗejiya suka yi, maza uku da mace ɗaya, shi ne ya raba kanmu ni da abokin aikina da muke duba ayyukan tare.

Kafin in faɗi abin da yaran suka yi, yana da kyau mu tuna cewa al'adar da ake magana a kanta ba ta da dogon tarihi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma a shekarar ce fim ɗin Sangaya ya fito a Kano, shekara tara bayan Turmin Danya, ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa rawa da waƙa ke sayar da kaset. A wurin Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge, mai murya shi ne mai jiki. Wanda ka ji shi ka gani, da abin kiɗansa ko makaɗansa a gefe. A sabon tsarin kuwa, fiyanon Yamaha ya maye gurbin kalangu da kuntigi da ƙwarya, mawaƙi ya shige situdiyo, jarumi da jaruma suka ari muryarsa suna motsa baki, abin da 'yan fim ke kira mamin. Namiji ya yi baiti, mace ta mayar masa, salon da aka laƙaba wa suna nanaye. Surar hoton kuma daga finafinan Indiya aka ɗebo ta, waɗanda Kwarori masu gidajen silima suka fara shigowa da su Arewa tun shekarun 1950. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Brian Larkin na Amurka sun yi rubutu mai yawa a kan wannan aro, don haka ba zan maimaita su ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba daga Indiya ta zo ba, tamu ce ta gida: namiji da mace ba sa taɓa juna. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana kula da ita, amma jama'a sun fi hukumar sa ido. Ba a manta da abin da ya faru a 2016 ba, lokacin da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon mawaƙi ClassiQ. Wannan ƙa'ida ta sa daraktocinmu sun ƙware wajen cike tazarar da ke tsakanin masoya biyu da wani abu: bishiya a tsakani, nuni da yatsa, guje-guje, juya baya, kallo ta gefen ido. Sai dai a cikin labarin waƙar babu dalilin tazarar. Baitin yana cewa ba zan iya rayuwa ba sai da ke, alhali taku uku ne tsakaninsu, kuma babu wanda ya riƙe wani. Mai kallo ya san dalilin yana wajen hoton, ya amince da hakan, an wuce wurin.

Sai kuma ruwa. Duk wanda ya girma da kallon waɗannan waƙoƙi ya san ba a rasa ruwa a bayan masoya, kuma masu fim sun daɗe suna zuwa bakin madatsar Tiga don samun wannan shimfiɗaɗɗen shuɗi. Ruwan bidiyo ba ya jiƙa kowa, ba ya hana kowa tafiya, ba ya ci ba ya cinyewa. Ado ne kawai, tamkar labulen mai hoto.

To amma Bahaɗeje ya san wata fuskar wannan ruwan. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Kafin madatsun, kogi yakan cika da damina ya malale fadama, ya ja da rani ya bar laka mai albarka, manomi da masunci da makiyayi kowa ya san lokacinsa. Da aka koma sakin ruwa kusan duk shekara, hanyoyin ruwan suka daina bushewa, ciyawar kacalla ta samu abin da take so. Ta toshe rafuka, ta tara laka, ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a bukatarsa ta hana shi zuwa inda ake jiransa, ta cinye gonaki da wuraren su, sannan ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu wawushe shinkafa. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri har Nguru ba a bukatar a yi wa kowa bayanin wannan. Wato ruwan da aka tare a sama ake rawa a gabansa, shi ne a ƙasa ya sauya wa mutane rayuwa.

Bidiyon yaran nan ya buɗe da kiɗan da ka sani, fiyano da ganga ta na'ura, irin wanda ake sakawa a gidan biki. Kalmomin ma ba baƙi ba ne: zuciya, bege, alkawari, hawaye, da koken cewa an tare masa hanya zuwa ga masoyiya. Da a rediyo ka ji ta, sai ka ce iyaye ne suka hana, ko wani mai kuɗi ya shigo. Amma hoton sai ya nuna saurayi shi kaɗai a cikin kwalekwale, riƙe da gwangwala, yana kutsawa cikin wata siririyar hanyar ruwa, kacalla ta fi tsawonsa dama da hagu. Budurwar tana can bakin gaɓa a ɗaya tsallaken, gaban murhun banda, tana juya tarwaɗa, hayaƙi na shiga idonta. Idan baitinta ya zo sai ta ɗago ta amsa ba tare da ta ajiye aikin ba. A baiti na biyu hanyar ta ƙara tsukewa. A na uku ya ajiye gwangwala ya ɗauki adda, ya sauka cikin ruwa har ƙirji yana sara. Garken jan-baki ya tashi ya rufe sama. Waƙar ta ƙare bai isa ba, sai hayaƙin bandarta da yake hangowa ta saman ciyawa.

Na kalle shi sau uku a daren da aka kawo mini. Abin da ya riƙe ni shi ne yaran ba su karya babbar ƙa'idar ba ko kaɗan. Babu taɓa juna, babu ma kusantar juna, babu abin da mai tace fim zai ɗaga alƙalami a kansa. Abin da suka yi shi ne sun shigo da dalilin tazarar cikin hoton. A karon farko da na sani, na ga masoyan nanaye waɗanda da gaske akwai abin da ya raba su, kuma abin da ya raba sun abu ne da mutanen garinsu ke kwana da shi suna tashi da shi. Haka suka yi da sauya tufafi: riga ɗaya ce a jikin yaron tun daga farko har ƙarshe, amma ta fara fara tas, ta jiƙe zuwa gwiwa, ta rine da laka, ta koma wata riga daban. Mamin ma sun ajiye shi, domin wanda ya rera shi ne ya tuƙa, wadda ta amsa ita ce ke gaban murhu.

Abokin aikina bai ga haka ba, kuma ba mutum ne da ake raina hujjarsa ba. Ya ce, "Dakta, kai malami ne, shi ya sa ya burge ka. Bidiyon waƙa talla ne da hutun rai. Manomin da ruwa ya cinye masa shinkafa ba zai sayi data don ya kalli kacalla ba, ya gan ta da safe, zai gan ta gobe. Mota da leshi yake son gani, ko na minti biyar ne ya manta." Ya ƙara da cewa an ce su yi bidiyon waƙa, sun je sun yi shirin gaskiya sun liƙa masa kiɗa, saboda haka a rage musu maki. Har ya yi mini ba'a cewa taurin kan Haɗejawa ne ya motsa, jikokin waɗanda suka ƙi bin Sakkwato a zamanin Sarki Buhari, suka kuma tari Turawa da yaƙi a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada, ina za su bi ƙa'idar darakta?

Na yarda da rabin maganarsa. Mutum yana da haƙƙin mafarki, kuma masu sukar Kannywood daga cikin ofis mai sanyi sukan manta cewa wanda rana ta gasa shi ya fi kowa bukatar inuwa. Ban taɓa ganin laifin talaka don yana son kallon gidan da ba zai taɓa shiga ba. Inda muka rabu shi ne a kan abin da maimaici ke koyarwa. Idan shekara ashirin da wani abu yaro yana ganin soyayya da kyau da daɗin rai a harabar otal kaɗai, to ba tare da kowa ya furta ba an gaya masa cewa garinsu ba wurin da ake soyayya ba ne, wurin da ake tserewa daga cikinsa ne. Na ga alamar hakan ranar da muka haska ayyukan a aji. Da fuskar yarinyar ta fito cikin hayaƙi, wasu suka fashe da dariya, na ji wata murya daga baya ta ce ƙauyanci. Na san da yawa daga masu dariyar, kuma kuɗin kifi da shinkafa da riɗi ne ke biya musu kuɗin makaranta. Amma kafin baiti na uku ajin ya yi tsit, kuma da aka fita na ji ana rera amshin a kan baranda. Da yaran sun watsar da zaƙin kiɗan da salon amsa-amsa don su nuna su 'yan boko ne, da babu wanda zai kai ƙarshe. Sun riƙe abin da kunne ya saba da shi, shi ya sa ido ya yarda ya kalli abin da bai saba ba.

Ba ina cewa aikin ba shi da aibu ba ne. A tsakiya sun cusa kamar daƙiƙa arba'in na hotunan ambaliyar 2022 da aka ɗauka da waya: gidajen ƙasa sun rushe, matasa na jera buhunan yashi a kan jinga, sai wani ƙaramin yaro da aka rage gudun hotonsa aka mayar da shi baƙi da fari yana kallon kyamara. A nan sun fita daga wata al'ada sun faɗa wata ba su sani ba, wato al'adar bidiyon ƙungiyoyin agaji, wadda ita ma tana da nata ƙa'idojin, kuma ita ma kayan aro ce. A cikinta mutumin fadama ba ya soyayya, ba ya raha, ba ya sana'a, abin tausayi ne kawai da ake nunawa don a samu tallafi. Duk mutuncin da suka gina wa masuncin nan da yarinyar nan a minti uku, waɗannan daƙiƙu sun kusa zubar da shi. Da na tambaye su ko sun nemi izinin iyayen yaron, sai suka sunkuyar da kai. Na ce su cire wurin gaba ɗaya.

Aibu na biyu ya fi ba ni haushi. Sun kai waƙar wani situdiyo a Kano, mai haɗa sautin ya matse muryar yarinyar da na'urar gyaran murya har ta koma irin siririyar muryar nan da ba a gane ta wace ce, ya kuma sa ta sake wasu kalmomi don wai lafazinta bai yi Kananci ba. Na san muryarta a aji, mai kauri ce, da karin harshen gabas a cikinta. Hoton ya koma gida, murya ta tsaya a birni. Da na yi mata maganar sai ta ce, "Malam, cewa ya yi in ba haka ba babu gidan bikin da zai saka." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da amsar da zan ba ta wadda za ta sayar da waƙa.

A ƙarshe ni da abokin aikina muka raba bambancin makin biyu, kowa na ganin an zalunci ra'ayinsa. Yaran suka cire hotunan ambaliyar, suka bar muryar yadda take domin ba su da kuɗin komawa situdiyo. Da aka dawo hutu yarinyar ta same ni a ofis ta ce ta nuna wa kakanta, wanda shi ne ya ba su aron kwalekwalen da murhun. Na tambaye ta abin da Baba ya ce. Ta ce ya sa an maimaita masa sau biyu, bai ce komai a kan waƙar ba, sai ya ce yaron nan ba ɗan masunta ba ne, kowa ya ga riƙon gwangwalarsa ya sani, kuma da sun tambaye shi da ya kai su can gaba, inda kacallar ta fi wannan kauri.