Lobsta: Gishiri A Ruwa, Yaji A Gefe

'Yan'uwana ɗalibai, bari na fara da neman afuwar malamanmu na sashe kan kalmar da na ɗora a saman wannan rubutu. Bahaushe mutumin tudu ne, ya san ƙaguwa, ya san jatan lande, wato abin nan da Yarbawa maƙwabtanmu ke kira ede, amma babban wansu da ke kwance a ƙarƙashin teku bai zo kasuwar Kurmi ba balle a raɗa masa suna. Don haka na ari lobsta na sa masa rigar Hausa. Wanda ya ƙirƙiro abin da ya fi wannan, filin mujalla a buɗe yake.

Lobsta iri biyu ne da ya kamata mai karatu ya bambance. Akwai mai manyan hannaye kamar almakashi, wanda muke gani a finafinai. Irinsa ne ake kamawa a ruwan sanyi na jihar Maine ta Amurka da gabashin Kanada. Akwai kuma namu na wannan gaɓa, wanda ake samu tun daga Muritaniya har Angola. Shi ba shi da almakashi, sai ƙayoyi a jiki da wasu dogayen gashin baki guda biyu, kuma kusan duk namansa a wutsiya yake. Irin wannan na taɓa saye guda biyu a wata kasuwar kifi a nan Legas, da kuɗin da zai ishe ni sayen kaji uku, na kai gidan gwaggona da ke Agege don mu ɗanɗana abin da masu otal ke yi wa tsada.

Na ce mata, “Gwaggo, don Allah gishiri kawai za a sa masa, a tafasa shi kaɗan a sauke.” Sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai ɗan nan, asibiti aka kwantar da mu da za mu ci abinci salam?” Ban ƙara magana ba. Ta datsa su, ta zuba albasa da tafarnuwa da citta da kori da magi har huɗu, ta bar su a wuta fiye da rabin awa wai don kayan haɗi su shiga jikinsu, sannan ta soya, sannan ta tsunduma su cikin miyar tattasai da attaruhu. Miyar kam ta yi daɗi, ba na cin amanar gwaggo. Sai dai kash! Naman ya ƙanƙance ya koma kamar roba, wanda ya rufe ido ya tauna ba zai rantse cewa ba ganda yake ci ba. Kuɗin kaji uku ya tafi, kuma har muka wanke hannu babu wanda ya san ɗanɗanon lobsta a cikinmu.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da nake son karewa a nan: naman lobsta ba ya son kayan haɗi mai yawa, gishiri ya shiga ruwan dahuwa, yaji kuma ya tsaya a gefen faranti, mai so ya dangwala.

Dalilina na farko shi ne abin da mutum ya biya kuɗi dominsa. In aka cire ɓawo da kai, naman da ke saura bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na nauyin da aka auna maka ba. Ɗan wannan nama yana da wani zaƙi-zaƙi na halitta haɗe da gishirin teku, ga ƙamshi marar ƙarfi wanda attaruhu ɗaya ya isa ya danne shi. Wanda ke son jin ɗanɗanon kori da magi, ai kifin gwangwani ma zai ɗauke masa su, kuma da sauƙin kuɗi.

Dalili na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda gwaggo ba ta lura da shi ba. Dahuwarmu ta gida an gina ta ne a kan naman sa da na akuya da kazar Hausa, masu jijiya da tauri, waɗanda sai sun daɗe a wuta suke laushi. Wannan daɗewa ita ke ba kayan haɗi damar ratsa nama. Lobsta kuwa akasin haka yake. Ba shi da wata jijiya da wuta za ta narkar, yana nuna cikin 'yan mintoci, kuma duk mintin da ya ƙara bayan nan ruwan jikinsa ne ke fita yana ƙara tauri. Ashe ke nan duk mai jiran kayan haɗi su shiga jikin lobsta, lalacewarsa yake jira. Yawan kayan haɗi da daɗewa a wuta tare suke tafiya, shi ya sa ba a iya riƙe ɗaya a saki ɗaya.

Na san za a ce wannan kwaikwayon Turawa ne, mutanen da barkono kaɗan ke sa su hawaye. Wani abokina ya faɗa mini haka a ɗakin kwananmu. Amsata ita ce ya je wurin mai balangu ya tsaya ya kalla. Naman rago mai kyau, gishiri kawai ake barbaɗa masa a gasa, in an yanka maka sai a zuba yaji a kusurwar takarda. Ba Bature ne ya koya wa mahauci wannan ba. Shi kuma kilishi, da ake so ya yi watanni, shi ake tsomawa cikin labu da kayan yaji har ya canza kama. Wato Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kowane nama da irin hannun da ake sa masa. Kuma laifin binne ɗanɗano ba namu ba ne mu kaɗai. Faransawa suna da wata dahuwa da suke kira tamido, inda suke cakuɗa naman da kirim da mustad su rufe da cuku su gasa; a ganina wannan da miyar gwaggo duk kanwar ja ce. Mutanen Kanton na ƙasar Sin sun fi burge ni, domin citta da ganyen albasa suke sawa, a wuta mai ƙarfi, cikin 'yan mintoci an sauke.

Ga yadda nake yi yanzu. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wato wajen babban cokali biyu, kuma haka nake sa wa ruwan tukunya. Kada yawan ya tsorata mai karatu, ɓawo yana tare mafi yawansa. In ruwan ya yi lami ma, shi ne zai tsotse ɗanɗanon naman. Lobsta mai nauyin rabin kilo, minti 8 zuwa 10 sun ishe shi daga lokacin da ruwa ya sake tafasa. Ɓawon zai yi ja tun da wuri, domin zafi yana sakin wani jan launi da ke ɗaure a cikinsa, saboda haka ja ba shaidar nuna ba ne. A duba naman, in ya bar sheƙi irin na ɗanye ya koma fari, to a sauke. Sai ɗan soyayyen man shanu, ba da yawa ba don namu yana da ƙarfin ƙamshi, da lemun tsami, da garin barkono mai citta a gefe.

Kan da ɓawon kuma kada a zubar. A nan ne gwaggo take da gaskiya ɗari bisa ɗari. A farfasa su, a soya sama-sama, a zuba ruwa da albasa da attaruhu da masoro da kimba da daddawa, duk abin da hannu ya kai, a bar su su yi rabin awar da take so. Romon da zai fito ya fi na kan kifi, kuma yana ɗaukar yaji ba tare da ya ɓace ba.

Akwai wani dalili da ya wuce maganar daɗi. Lobsta yana saurin ruɓewa bayan ya mutu, shi ya sa ake sayar da shi da rai. Mai lafiya, in ka ɗaga shi, zai naɗe wutsiya da ƙarfi. Wanda ya fara lalacewa yana zarni, namansa kuma ya yi taɓo-taɓo. A garin da wuta ke ɗaukewa, wutsiyar da ke cikin firji tana iya narkewa ta sake daskarewa sau da dama kafin ta iso hannunka. Ruwan gishiri ba ya rufa wa irin wannan asiri, hanci zai gaya maka tun tukunya tana kan wuta, amma miya mai kauri da yaji tana iya ɓoye shi har sai ciki ya ɗauka. Na yarda dai cewa daskararriyar wutsiya mai kyau ta riga ta rasa wani abu na zaƙinta, don haka ita ana iya tsaga ta a shafa mata tafarnuwa da citta da ɗan barkono a gasa a kan gawayi.

Tunda da rai ake kawo shi gida, a rage masa azaba. A shekarar 2018 ƙasar Suwizalan ta hana jefa shi cikin tafasasshen ruwa ba a sumar da shi ba, a 2022 kuma dokar Birtaniya ta lissafa shi cikin halittun da ke jin ciwo. Ni nakan binne shi cikin ƙanƙara kamar minti 20 har ya daina motsi, sannan na tsaga kan da wuƙa mai kaifi a bugu ɗaya.

A hutun da ya wuce na sake kai guda ɗaya Agege, na roƙi gwaggo ta bar mini madafa. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon agogon hannuna tana girgiza kai. Da na miƙa mata yanka ɗaya ta tauna a hankali, ta yi shiru, can ta ce, “Ashe abin yana da zaƙi.” Yanka na biyu kuwa sai da ta birkiɗa shi cikin yaji har fari ya ɓace, sannan ta jawo kwanon romon gabanta ta ce in miƙo mata magi ɗaya.