Hurumin Yankari Da Hakkin Da Ke Kan Malamai Da Fatake



Idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, akan ga matafiya sun ɗaure kaya sun nufi dajin Yankari a ƙasar Bauchi, ta hanyar Alkaleri. Sukan sauka a zangon Wikki su kwana biyu ko uku. Da sassafe ma'aikatan daji su fita da su bakin kogin Gaji, inda ƙishirwar rani take tara namun dawa: giwa da ɓauna, gwanki da kanki, dorina da kada kuwa suna cikin ruwa. Mai ƙarfin ƙafa a raka shi ya ga ɗakunan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyinsu. In ya komo ya yi wanka a idon ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana, amma fa ya tsare guzurinsa, gama biran zangon nan ba su san kunya ba.

To, a waɗansu zauruka ana cewa wannan yawon banza ne, al'adar Nasara ce, wai me zai kai mai hankali kallon dabba? Maganar tana son gyara. Duk almajirin da ya kai Suratul An'ami ya wuce ta kan aya ta 38, inda aka kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi kamar 'yan Adam. Wanda ya kwana a dawa, ya ji kukan dare, ya ga uwar giwa ta sa ɗanta a tsakiyar garke, lalle ya sami abin tafakkuri wanda ba a samunsa a rumfar kasuwa. Keɓe daji kuma ba Bature ne ya fara shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyadina Umar ya keɓe Rabaza, malaman fiƙihu suka kira wannan hima, watau hurumi. A kan irin wannan hujja ya kamata a dubi Yankari, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe a 1956, aka buɗe ta ga baƙi a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991, sa'an nan ta koma hannun Bauchi a 2006. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244.

Abin baƙin ciki, hurumin yana ƙarewa ana kallo. Raƙumin dawa ya ɓace daga cikinsa. Zaki ya yi ƙaranci ƙwarai. Giwayen da suka rage ba su kai 200 ba, alhali kuwa garkensu yana cikin mafiya girma da suka saura a Nijeriya duka. Giwa takan ɗauki ciki kusan wata 22 ta haifi ɗa guda, saboda haka abin da bindiga ta kayar da hantsi ɗaya, shekaru ba su mayar da shi.

Kowa yana zagin maharbi, ya kuwa cancanta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maharbi ba ya shiga daji ya sayar da ransa sai ya san akwai mai kuɗi a gari yana jiran haure. Tun 1989 ƙasashen duniya suka hana fataucin hauren giwa tsakaninsu, falken da ya saye shi a ɓoye ya san haram ya ɗauka, ko da ya yi zakka da ribar. Ya kamata malamai su faɗi wannan a fili a wurin tafsiri da huɗuba, musamman a garuruwan da ke kewaye da dajin.

Ita ma hukuma da nata. Manomin da giwa ta shiga gonarsa ta tattake dawar shekara a dare guda, ba za a ce masa ya yi haƙuri don baƙi suna son kallo ba. Mutumin nan yana da iyali, kuma shi ne ya san hanyar da maharba suke bi. In an ƙiyasta ɓarnarsa a gaban dagaci aka biya shi diyya kafin damina ta kewayo, zai kai rahoto. In an bar shi da rumbu wofi, zai yi shiru, ko ma ya nuna musu mashayar giwayen.