SULALLAN ZINARE: TARIHI A KULLE CIKIN TASKAR ATTAJIRAI

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata harka da manyan attajirai suka ɗauka da zafi, wato tara tsofaffin sulallan zinare. Daga cikin waɗanda suka fi tsada akwai na bugun musamman, waɗanda akan goge ƙarfen hatimi da ƙwayar zinaren har su yi sheƙi kamar madubi, sannan a buga sau biyu ko fiye don zanen ya fito raɗau. Irin waɗannan tun asali ba don cefane ake yin su ba, ƙwara kaɗan ake bugawa don gwaji ko kyauta ko ajiya.

To, me ake saye da waɗannan maƙudan kuɗi? A shekarar 2020 an sayar da wani sule mai hoton Sarki Edward na Takwas na Ingila a kan fam miliyan 1, alhali nauyinsa bai wuce giram 8 ba. Sirrin kawai shi ne sarkin ya yi murabus a 1936 kafin kuɗin su shiga hannun jama'a, sai 'yan ƙwarorin gwaji suka rage. Haka kuma a 2021 aka yi gwanjon wani sulen Amurka na dala 20, bugun 1933, a birnin New York a kan dala miliyan 18.9. Shi ma an buga irinsa sama da 400,000, amma gwamnatin Roosevelt ta hana su fita, aka narkar da kusan dukkansu. Ashe ba zinare ake saye ba. Abin da ake biya shi ne a ce wane yana da abin da babu mai irinsa.

Abin da ya fi shafar 'yan'uwa shi ne yadda wannan kasuwa ta kai hannu ga dinarin Musulunci. Kafin zamanin Abdulmalik bin Marwan, Musulmi da zinaren Rumawa suke ciniki. A shekara ta 77 bayan Hijira ya fitar da dinari wanda babu hoton kowa a jikinsa sai rubutun Larabci zalla, mai nauyin kimanin giram 4.25. Wannan nauyi shi malamai da dama ke lissafin nisabin zakka da shi, dinari 20, wato giram 85, wanda idan ya shekara a hannun mutum zai fitar da kashi 1 cikin 40. Kuɗi ne da aka yi don ya zaga, a biya sadaki, a sallami ɗan ƙwadago, a ba miskini haƙƙinsa. Amma a 2019 aka yi gwanjon wani dinari na shekara ta 105 bayan Hijira a Landan a kan fam miliyan 3.72, saboda rubutun jikinsa ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz.

Masu wannan harka sukan ce ba don su ba da tuni maƙeran zinare sun narkar da waɗannan sulalla sun yi sarƙa da 'yan kunne. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, don kuwa da yawa daga abin da aka sani game da sunayen sarakuna, garuruwan da aka buga kuɗi da shekarun mulki, daga jikin sulalla aka karanto shi. To amma ina amfanin littafin da aka kulle a taskar banki, ɗalibi bai gani ba, malami bai taɓa ba? Wurin da ya dace da irin wannan kaya shi ne gidan adana kayan tarihi, inda talaka da mai kuɗi za su tsaya kafaɗa da kafaɗa su duba.

Wanda kuma yake ganin taskar za ta dawwama, ya tuna da Sarki Faruƙ na Masar. Ya tara dubban sulalla, har da ɗaya daga cikin na Amurkan nan na 1933. Sojoji suka hamɓarar da shi a 1952, aka yi gwanjon tarin nasa a Alƙahira a 1954, shi kuwa ya mutu a gudun hijira a ƙasar Italiya a 1965. Aya ta 34 a Suratut Tauba ta riga ta yi gargaɗi ga masu jibge zinare da azurfa ba tare da ciyarwa ba.

Saboda haka kada matashi ya ji labarin miliyoyi hankalinsa ya tashi, har wani ɗan damfara ya tallata masa tagulla da sunan tsohon dinari. Rabonsa a wannan fage shi ne ilimi. Ya koyi karanta rubutun Kufi, ya san tarihin daulolin da suka buga kuɗin, ya iya lissafin nisabi don ya amfani mutanen unguwarsu. Wannan ba sai da fam ko dala ake samunsa ba, kuma ba a yin gwanjonsa.

Allah Ya sa a dace.