Mugun Da Ba A Ganin Fuskarsa

Akwai masu karatu da ke cewa wai labari ba ya cika sai da mugu guda wanda za a nuna da yatsa, kamar Wazirin nan na cikin Magana Jari Ce, asirinsa ya tonu a ƙarshe, kowa ya rufe littafi hankali kwance. In aka ba su littafin nan mai suna 1984, wanda George Orwell, Baturen Ingila, ya fitar a shekarar 1949, sai su ajiye, su ce ba shi da daɗi, tun da ba a ga mugun ba, jarumin kuwa bai ci nasara ba. Lalle waɗannan ba su karanta da idon basira ba.

Gaskiya ne, shugaban ƙasar da ke cikin labarin, wanda ake kira Babban Wa, ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido, sai hotonsa manne ga bango. To, wa ke yi masa aikin zaluncin? Ai jama'a ne da kansu. Kullum akan tara ma'aikata su yi minti 2 suna ihu suna tsine wa abokin gāban hukuma, wanda duk ya yi sanyi-sanyi na kusa da shi ya lura. Akwai wani mutum, Parsons, mai bin hukuma kamar raƙumi da akala. 'Yar cikinsa, mai shekara 7, ita ta kai ƙararsa, wai ta ji shi yana zagin shugaba cikin barci. Abin takaici, yana tsare a kurkuku yana yabonta, wai ga shaidar ya yi mata tarbiyya ta gari!

Jarumin labarin, Winston Smith, aikinsa shi ne sāke tsofaffin jaridu don maganar jiya ta dace da ƙaryar yau. Laifinsa na fari kuwa bai wuce sayen littafin rubutu ba, ya rakuɓe a lungun ɗaki inda na'urar leƙen asiri ba ta hango shi, ya rubuta abin da ke ransa. Wanda ya koyi riƙon alƙalami da girmansa ya fi kowa sanin dalilin da ya sa hukuma irin wannan ke tsoron alƙalami.

Masu son a ce Winston ya ci nasara, wa zai kashe ya huta, alhali maƙwabci da yaron gida duk idon hukuma ne? Da aka kama shi, aka ɗaga masa yatsu 4, aka yi ta gana masa azaba don ya gan su 5. Sa'an nan aka kawo ɓeraye cikin keji daf da fuskarsa, ya yi kururuwa ya ce a yi wa Julia, masoyiyarsa, maimakonsa. Daga baya aka sake shi, ya koma zaman shagon giya, yana duban hoton Babban Wa, yana ƙaunarsa har zuci.