Tiyatar tantanin ido: ina yaran Jega, Aliero da Maiyama suka tsaya?

Tun shekarar 2002 likitoci ke aiki da kayan tiyata masu kaurin rabin milimita, suna zuƙe ruwa mai yauƙi na ƙwayar ido, su gyara tantanin gani da ya ɓalle, galibi ba ɗinki. Bakwaini da masu sikila na cikin yaran da kan buƙaci wannan aiki.

Sai dai ga manomin albasa a Aliero, matsalar tana farawa tun kafin ɗakin tiyata. Jariri ba ya faɗin ganinsa ya ragu, jinkiri kuma kan jawo makanta. Zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna tafiyar yini ce, ga kuɗin mota da masauki. Ya rage wa gwamnatin Kebbi ta fayyace wanda zai riƙa duba idon bakwaini makonni kaɗan bayan haihuwa.