Zanen da Ba Ya Kama da Kome

Akwai wani irin zane wanda in aka nuna wa mutanenmu sai su kwashe da dariya. Ba mutum, ba doki, ba itace, sai launi bisa launi da layuka suna gilma juna. Wani ya ce yaro ne ya ɓarar da tawada, wani ya ce sabon hauka ne na Turawa. Mu dai a ganinmu dariyar nan ba ta da wuri, gama abin da ake yi wa ita ya daɗe a gidanmu.

A tafi Tursa ta ƙasar Raba, ko Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun 1837, a tarad da ranar saukar karatu. Allon da mai sauka zai riƙe an riga an kai shi wurin mai zayyana, ya tsaga shi gida gida, ya cike da ja da kore da rawaya. To, da me zayyanar nan ta yi kama? Ba ta kama da kome, amma ko tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta iya rarrabe wadda aka yi a tsanake da wadda aka yi da garaje. Haka aska takwas a gaban riga. Sai an zana ta bisa yadi tukuna, kana mai ɗinki ya bi ta da allura mako da makonni. Wa ya taɓa ƙin sayen riga don askarta ba ta yi kama da ta wanzami ba? Kada mu manta da zanen da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya fitar a jikin Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarimu.

A Zariyan nan kuwa aka yi wani gwanin zanen zamani, Gani Odutokun. An haife shi a ƙasar Gana a 1946, iyayensa Yarbawa. Ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gama a 1975, sa'an nan ya zauna nan yana koyarwa. Ga yadda ya kan yi wani sashe na aikinsa: ya tsinka fenti har ya zama ruwa-ruwa, ya kwarara bisa yadi, ya bar shi ya gangara inda ya ga dama. Mai gardama zai ce, "Ashe fentin ne ya yi aikin!" A'a. Kaurin da aka dama shi, da launin da zai fara sauka, da wanda zai biyo baya kafin na farin ya bushe, duk hannu ne ya auna su. Bayan wannan ga aikin ido, watau a tsaya a duba abin da ya fito, a san wanda za a bari da wanda za a danne, a kuma san lokacin ajiye burushi. Wanda bai ƙware ba ya kan ƙara launi bisa launi har yadin ya zama taɓo. Shi ya sa da aka nuna ayyukansa a London a shekarar 2000, aka raɗa wa nunin suna mai ma'anar katari da tsari. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara ta.

Ba mu ce duk wanda ya watsa fenti gwani ne ba. Akwai malalata da suka fake da wannan hanya don sun kasa zana ko tulu. Akwai kuma bambanci tsakanin masu aikin biyu. Mai zayyana gado yake bi, ya san inda zai ƙare tun bai soma ba. Mai zanen zamani kuwa lalube yake, wani lokaci ya kwana uku bisa yadi guda ya jefar. Wahalarsa ta fi yawa, kasuwarsa ta fi nisa. Mai zayyana a garinsu ake kawo masa allo, a biya shi nan take, ko da ladan bai taka kara ya karya ba. Shi ko mai fenti a Arewa galibi da albashin koyarwa yake riƙe gida, masu saye suna can Ikko. Odutokun kansa a kan hanyar komowa daga wani nunin zane a Ikko haɗarin mota ya rutsa da shi, ya rasu cikin Fabrairu 1995, bai cika hamsin ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen nan, mu ne za mu fita mu riƙe aji a ƙauyuka. An saba ran darasin zane a ɗora kofi bisa tebur, a ce yara su kwaikwaya, wanda nasa ya karkace ya sha faɗa. Yaron da ya cika gefen littafinsa da dagi da murɗe-murɗe kuwa a ce wasa yake. Ga shi iyaye da yawa ba sa son a sa 'ya'yansu zana mai rai, alhali ba mu taɓa jin uban da ya hana ɗansa zayyana ba. Muna roƙon malamanmu su sa zayyana cikin abin da ake koya mana tun muna nan. In mun fita, mu nemi mai zayyanar garin da aka kai mu, mu gayyace shi aji da alƙalaminsa da tawadarsa, a kuma biya shi ladan yininsa.