Yaƙin Jirgin Sama Na Kwamfuta Daban, Na Gaske Daban



Akwai ɗan ƙanena da nake riƙo a nan Sabon Ibadan. Tun da ya gano wasan War Thunder a wani shagon gem, ba mu da sakat. Shekaranjiya ya ce mini, "Baffa, yau jirage 12 na kakkaɓo, ai ni matuƙi ne, takarda kawai ta rage." Takardar kuwa ita ce damuwata, don a zangon nan ya sha ƙasa a lissafi.

Ban ce wasan banza ba ne. Yaron ya san dabarar zagayowa bayan abokin gaba, ya san jirgi yana rasa gudu idan ya cika juyi. Su kansu sojojin sama suna horo da irin wannan na'ura.

Amma shi a kan benci yake zaune yana shan fiya wata. Matuƙin F-16 idan ya yi juyi mai tsanani, nauyin jikinsa kan ninka har sau 9. Kan mutum mai kilo 5 sai ya koma 45, kusan buhun siminti ke nan a wuya, kuma a haka zai waiwaya ya nemi mai bin sa. Jini yana gudu daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, gani ya dushe, in bai ɗaure ciki da cinyoyi ba sai ya suma, jirgi kuma bai tsaya ba. A wasa allo ne kawai ke yin baƙi.

Sannan abokin gaba na gaske ba ya zuwa da jan suna a kansa. Ɗigo ne kamar ƙuda, wani lokacin ma daga nesa za a sako maka makami mai linzami ba ka ga kowa ba.

Ga kuma rai guda. A Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet a Zamfara. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya bi daji cikin dare da wayarsa yana neman hanya, har Allah Ya kai shi wurin sojoji. Da na ba yaron labarin nan sai ya yi tsit.

Mun yi yarjejeniya: gem ranar Asabar kawai, sauran kwanaki lissafi, in har NDA ta Kaduna yake so da gaske. Ku taya ni da addu'a, don jiya ma an ce an gan shi a shagon.